Muhawara: Shin ƙwayoyin tsotsa masu rai suna hana ciwon dasashi?

Wannan muhawara ta gudana ne a zauren ma'aikatan lafiya da ɗalibai na Sakkwato, bayan wani mai kantin magani ya kawo da'awar cewa ƙwayoyin tsotsa masu ɗauke da ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ake kira furobayotik, suna kare mutum daga ciwon dasashi.

Mai kantin magani: Assalamu alaikum. Abin da na faɗa ba daga kaina na ƙago shi ba. Akwai wata halitta mai suna Lactobacillus reuteri wadda kamfanin BioGaia na ƙasar Suwidin yake sarrafawa a matsayin ƙwayar tsotsa, kuma an gwada ta a kan mutane. A wani bincike da aka wallafa a 2013 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wim Teughels na Jami'ar Luban a Beljiyam, an raba marasa lafiya 30 gida biyu, wasu suka tsotsi ƙwayar sau biyu a rana tsawon mako 12, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma waɗanda suka sha ta gaskiya sun fi samun sauƙi. Tun da haka ne, me zai hana mu shawarci mutanenmu su riƙa sha tun kafin ciwon ya kama su?

Likitan haƙori: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Binciken gaskiya ne, amma ka tsallake abin da ya fi muhimmanci a cikinsa. Dukkan mutanen 30 suna da ciwon ne tun farko, kuma kafin a ba kowa ƙwaya sai da aka kankare masa dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi har zuwa saiwar haƙori. Tambayar da masu binciken suka yi ita ce ko ƙwayar tana ƙara wa wannan kankara amfani, ba ko tana hana lafiyayyen mutum kamuwa ba. Waɗannan tambayoyi biyu ne daban, kuma amsar ta farko ba ta zama amsar ta biyu.

Ɗalibar koyon likitanci: Dakta, ina neman ƙarin haske. An koya mana cewa halittar tana samar da wani sinadari mai suna rutarin wanda yake danne miyagun ƙwayoyin cuta, kuma tana gasa da irin su Porphyromonas gingivalis, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke haddasa ciwon dasashi, wajen neman wurin zama a baki. Idan haka take aiki, ai hankali zai ɗauka cewa za ta yi rigakafi ma.

Likitan haƙori: Hankali zai ɗauka, Malama, amma an gwada. Akwai hanyar gwaji da Harald Löe ya kafa a Denmak a 1965, inda lafiyayyun mutane suka daina goge baki, dasashinsu ya kumbura cikin kwana 10 zuwa 21, sannan da suka koma gogewa ya warke cikin kusan mako guda. A 2013 wasu masu bincike a Suwidin sun bi irin wannan hanya tare da ba mahalarta ƙwayar tsotsar, kuma ba su ga wani bambanci mai ma'ana ba tsakaninta da ƙwayar da babu komai. Wato a inda aka gwada rigakafin kai tsaye, dauɗar haƙori ce ta yi nasara. Ki kuma lura cewa halittun ba su cika zama a baki na dindindin ba, da zarar an daina tsotsa sai su fara ɓacewa.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya mai ritaya: 'Ya'yana, ni tambayata ta gida ce. Idan halittun nan 'yan'uwan waɗanda suke mayar da madara kindirmo ne, mu da muke shan fura da nono kullum ba mu riga mun sami rabonmu ba?

Likitan haƙori: Mama, dangi ɗaya ne amma ba iri ɗaya ba. Abin da aka gwada nau'o'i ne takamaimai a adadi sananne, kuma sakamakon wani nau'i ba ya wucewa zuwa wani. Nono abinci ne mai kyau, sai dai sukarin da ake zuba wa furar yana da nasa lissafin da haƙora.

Mai kantin magani: To amma Dakta, ba bincike ɗaya ba ne kawai. An yi wasu a Istambul ta Turkiyya a 2015 waɗanda suka bi marasa lafiya har shekara guda kuma suka ga amfani. Ba adalci ba ne a ce babu komai a ciki.

Likitan haƙori: Ban ce babu komai ba, kuma na yarda cewa waɗannan ma sun nuna raguwar zurfin aljihun dasashi, wato ramin da muke aunawa da milimita tsakanin haƙori da nama. Sai dai su ma bayan kankara aka yi su, a kan mutane kaɗan, kuma wasu gwaje-gwajen da aka yi da wasu nau'o'in ba su sami wannan sakamako ba. Da Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai ta tattara hujjojin a jagoranta na 2020, shawarar da ta bayar ita ce kada a yi amfani da furobayotik ko da a matsayin ƙari ga kankarar.

Hajiya: Ni abin da ya fi damuna shi ne kuɗin. A garin da muke da asibitin yara masu cutar noma, wadda takan fara daga ruɓewar dasashi a bakin yaro mai tamowa, ina jin nauyin a ce wa uwa ta sayi ƙwayar tsotsa daga Turai alhali ba ta da buroshi da man goge baki. Sannan halitta mai rai ce, kuma kun san zafin Sakkwato a watan Afrilu da yadda wutar lantarki take, don haka ajiye ta ma matsala ce.

Mai kantin magani: Wannan magana ta ajiya na karɓe ta, Hajiya. Amma ga wanda aka riga aka kankare wa haƙora, yana goge baki da buroshi ko asuwaki yadda ya kamata, kuma yana da halin saya, har yanzu ban ga dalilin da zai sa in hana shi ba.

Likitan haƙori: Ni ma ba zan hana shi ba, Alhaji, matuƙar garkuwar jikinsa ba ta yi rauni ba, kuma ba a sayar masa da ita da sunan rigakafi ba. Amma idan mai ciwon suga ko mai shan taba ya zo kantinka yana kukan jini a dasashi, ka turo mana shi mu auna aljihun tukuna.