Hoton kyanwa da fallen katako: ya ake fito da gashin jikinta?

Sabon-hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa hoton kyanwa da siraran fallayen katako masu kaurin milimita 0.6, ba fenti ko kaɗan. Matsala biyu: fuskar ta fito a shafe kamar taswira, ba alamar gashi, sannan bayan goga da samfefa farin ƙirjinta ya koma jaja-jaja. Ina kuskuren yake?

Tsohon-kafinta:
Wa'alaikumus salam. Gashi ba da yawan gutsattsari ake yin sa ba, jijiyar katakon ce gashin. Ɗauki hoton dabbar, ka ja kibiyoyi da fensir kan yadda gashi ya kwanta: daga hanci ya hau goshi, daga gefen baki ya bazu kumatu, a kunne ya miƙe sama. Kowane guntu, jijiyarsa ta bi kibiyar wurin.

Hanyar taga ta fi dacewa da wannan. Kwafi zanen a kan fallen da zai zama bango, ka yanke guntu ɗaya ka cire, sai ka zura fallen da kake so ƙarƙashin ramin. Yi ta juya shi kana leƙawa har jijiya da launi su zauna maka. Sannan ka bi bakin ramin da wuƙar tiyata mai lamba 11 ka yi layi, ka zaro fallen ka ƙarasa yankan, ka sa sabon guntun a ramin. Kada ka nemi rabawa da ja ɗaya. Ja uku ko huɗu marasa nauyi, in ba haka ba wuƙar za ta bi jijiya ta tsaga maka aiki. Siraran wurare kamar tsinin kunne, manna musu tef ɗin takarda kafin yanka. Kuma fara da abin da ke baya, ka ƙare da ido da hanci.

Mai-zarto:
Malam ya yi bayani, amma ko jijiya ta zauna, in babu inuwa fuskar ba za ta taso ba. Zuba yashi mai laushi, wankakke, zurfin santimita 3 zuwa 4 a kasko, ka ɗora a wuta kaɗan. Riƙe guntun da hantsaki ka tsoma gefensa daƙiƙa 5 zuwa 10, ka duba, ka ƙara in bai isa ba. Ƙasan kasko ya fi zafi, shi ya sa ƙunar ke fitowa daga duhu zuwa haske. Ƙarƙashin haɓa, cikin kunne da gefen hanci, nan ake buƙatarta. A fara gwadawa da ɓarɓashi.

Abin lura: zafi na tsotse danshi, guntun ya tsuke ya lanƙwashe, ka mayar da shi ka tarar da giɓi. Don haka a ƙona kafin yankan ƙarshe, ko a shafa masa ɗan ruwa a danne shi ya huce a miƙe. Kuma a ɗan zarce da duhun, goga za ta rage shi.

Uwar-zane:
Jan da ka gani ƙurar jan katako ce, irin faduk ko madaci, ta shige ramukan farin. In ta shiga da wuya ta fita. Kafin samfefa ta taɓa aikin, shafa shalak (wani irin banish ne na katako) mai ruwa-ruwa sau biyu ya toshe ramukan, ka daidaita fuskar aikin da ƙarfen kankare katako, sannan samfefa lamba 240 zuwa 320, da hannu, kan ɗan katako mai lebur. Injin goga kan cinye 0.6 kafin ka ankara, musamman a gefuna.

Ni ban cika son yashi ya yi yawa ba, yana sa hoto ya yi kamar an ciro shi daga gobara. Ido ya fi muhimmanci: baƙin falle a tsakiya, da ɗigon fari bai wuce milimita 1 ba, kuma ɗigon ya kasance gefe ɗaya a idanu biyun, in ba haka ba kyanwar ta zama mai harara-garke. Gashin baki kuwa sai bayan an manna hoton: tsaga siririn layi, ka cusa zaren farin falle da gam.

Tsohon-kafinta:
Na manta: in ka manna a allon MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako), manna wani falle a bayansa ma. Fuska ɗaya kawai, gam na bushewa allon zai gantsare. Gam a jikin allo ake shafawa, ba a fallen ba, a sa takarda a sama, a bar shi cikin matsi ya kwana.