Jinyar tsofaffi a gidajen mutane: waɗanda suka yi su faɗa mana

Hajiya Mariya, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dillali ya zo wa 'yar ƙanwata da maganar aiki a Saudiyya, wai tsohuwa guda za ta riƙa kula da ita, ci da kwana duk a gidan. Yarinya ta ƙwallafa rai, uwarta ta kasa barci. Don Allah duk wanda ya taɓa irin wannan aikin, a ƙasashen Larabawa ko nan gida, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ban da ji-ta-ji-ta.

Maman Faruk, Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni Kuwait na yi. Tun a filin jirgi maigidan ya karɓi fasfona, ban sake ganinsa ba sai ranar dawowa. Tsohuwar da aka ba ni ɓarin jikinta ya shanye. Sai an riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayanta ya yi gyambo. Ni ke mata wanka, ni ke canza mata ƙunzugu, ni ke ba ta abinci da cokali ina jira ta haɗiye. Katifata na ƙasa gefen gadonta, ko tari ta yi cikin dare na tashi. Wallahi na so matar nan, har hannuna take riƙewa in za ta yi barci. Abin da ya karya ni 'ya'yanta ne. Ranar Juma'a su cika gidan da jikoki, girki da wanke-wanke su hau kaina, alhali jinya kaɗai aka ce na zo yi. Daga baya wata 'yar Filifin a maƙwabta ta gaya mini tun 2015 ƙasar na da dokar masu aikin gida: aiki kada ya wuce awa 12, hutun kwana ɗaya a mako, kwana 30 a shekara, kuma an hana riƙe fasfon ma'aikaciya. Ban ga ko ɗaya ba. Wa zai shigo ɗakin tsohuwa ya duba ko na runtsa?

Malam Sani, Alabar: Hajiya, ni tuƙi na yi a Riyad, matsalar mata ta sha zuwa hannunmu. Ki fara tambayar dillalin nan ta ina yarinyar za ta tashi. A 2017 gwamnatin Gana ta dakatar da ɗaukar masu aikin gida zuwa ƙasashen Larabawa saboda yawan cin zarafi, sai dillalai suka koma fitar da yara ta Togo da sauran maƙwabta. Wadda ta fita ta haka, sunanta ba ya cikin littafin kowa. Ya nuna miki lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, ya kuma ba ki kwangilar a rubuce, a samu mai jin Larabci ya karanta, ga malamai nan cike da Zango. Sannan ki fahimci kafala: iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, na ɗaure da sunan kafilinta, maigidan da ya ɗauke ta aiki. In wuya ta ishe ta ta fita, sai ya kai ƙarar cewa ta gudu, abin da suke kira hurub, daga nan ita ce mai laifi a idon hukuma ko da albashinta ya cinye. Na taɓa ɗauko wata a bakin titi da silifas kawai, ko lambar wani nata ba ta haddace ba.

Ummi, Sawaba: Ni dai Alhamdu lillahi, gidan da na faɗa a Katar mutanen kirki ne. Wayata na hannuna, albashi kan lokaci, ranar hutuna ba a taɓa ta. Da kuɗin na kama shago. Amma sa'a ce, Hajiya, jirgi ɗaya muka hau da wata, ita ta dawo da ciwon baya da bashi.

Zainabu, daga Maradi, ina Kumasi: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ba sai an haye teku ba. Wani dattijo nake jinya a Ahodwo, 'ya'yansa duk suna Ingila. Mantuwa ta kama shi, yakan farka tsakar dare ya nufi ƙofa yana neman matarsa da ta rasu, don haka da makullin gida a ɗaure a zanena nake kwana. Kuɗina ba ni ake ba, matar da ta kawo ni ake tura wa, ita ke yanka mini abin da ta ga dama. Ranar Sallah ma ban je Idi ba. In na yi magana a ce ai ina ci ina sha kyauta.

Anti Lami, Tafo: Zainabu 'yata, maganarki ta taɓa ni, don ni ma akwai mai kula da mahaifiyata a gida. Ana cutar ki, kuma doka na bayanki. A 2020 aka kafa dokar masu aikin gida a Gana, L.I. 2408, ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2003. Ta wajabta kwangila a rubuce, a kai ta ofishin ƙwadago na gunduma, albashi kada ya gaza mafi ƙarancin da gwamnati ta yanka, ga hutu, ga kuɗin fansho na SSNIT. Mu mun zauna mun rubuta tamu: aikinta Inna ce kaɗai, Lahadi tata ce, ni da ƙannena muke karɓa-karɓa ranar. Daren farko da na kwana da Inna ni kaɗai na san nauyin da baiwar Allahn nan ke ɗauka, washegari muka ƙara mata kuɗi.

Ki nemi lambar babban ɗan dattijon, ki gaya masa da bakinki nawa ke isowa hannunki, mai yiwuwa bai ma sani ba. Ki buɗe MoMo, asusun kuɗi na waya, da sunanki, can za a riƙa turawa. In matar nan ta tayar da ƙura, ki sanar da ni, Litinin ba ni da aiki da safe, sai in raka ki ofishin ƙwadago.