"Teile und herrsche": raba kawuna ne ko raba ganima?

Mai Nahawu: Jamusawa na cewa "Teile und herrsche", daga Latin "divide et impera". Duk kalmomin biyu umarni ne ga mutum ɗaya: raba, ka mulka. Me ya sa aka ce herrsche, ba beherrsche (mallake) ba?

Malamar Jamusanci: Malam, herrschen aikatau ƙi-karɓau ne, yana tsayawa shi kaɗai. In za ka ambaci waɗanda ake mulka, sai ka kawo über (a kan) da Akkusativ, wato sigar karɓau: "Der König herrscht über das Land" (sarki yana mulkin ƙasar). Beherrschen kuwa so-karɓau ne: "Er beherrscht das Land" (yana mallake da ƙasar). Da an ce "beherrsche", mai sauraro zai tsaya jiran jin wa za a mallake. Masu koyo kan haɗa biyun su ce "beherrschen über", kuma kuskure ne. Haka "gebeherrscht": ɗafa-goshin be- ba ya rabuwa da aikatau, ba ya kuma karɓar ge- na shuɗaɗɗen lokaci. Sai dai hat geherrscht, hat beherrscht.

Ɗan Tafinta: Ni a kan teile nake da ja. Teilen kamar "raba" ɗinmu ne, yana nufin tsaga abu gida-gida, yana kuma nufin raba wa jama'a. Ashe ba za a iya fassara shi da cewa mai kyauta shi ke mulki ba?

Malamar Jamusanci: A nahawu zai yiwu, amma ba haka ake amfani da shi ba. Ana kawo shi ne a zargi shugaban da ke haɗa talakawansa faɗa don kada su haɗe masa kai. Ba yabo ba ne sam.

Mai Nahawu: To, ɗan'uwansa a wajenmu shi ne "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ɗan Tafinta: Sun yi kusa, Malam, amma akwai bambanci. Ƙadangare tarar da tsagar ya yi. A na Jamusawa, mai mulkin ne da kansa ke tsaga bangon. Namu gargaɗi ne ga 'yan gida, nasu dabarar azzalumi ce ake tonawa.

Malamar Jamusanci: Wannan gaskiya ne. A kuma kula, ba kullum beherrschen ke nufin danniya ba. "Sie beherrscht Deutsch" na nufin ta iya Jamusanci sosai, "sich beherrschen" kuwa kame kai ne lokacin fushi. Ko herrschen ma, "Es herrscht Ruhe" cewa ce wuri ya yi tsit, babu wani sarki a ciki.