Masu tsofaffin babura, wa ya taɓa fama da rashin caji?

Mai Benli, Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda CD175 na mahaifinmu, irin mai batir volt 6 ɗin nan, inji lafiya lau kik ɗaya yake tashi in dai batir da wuta, amma caji ne sam ba ya yi, in na sa batir cike da safe kafin la'asar hon ya shaƙe fitila ta yi ja daga nan sai mashin ya mutu a hanya. Rewaya ya ce wai kwayil ne ya ƙone in kawo kuɗi a sake naɗi, ni kuma raina bai kwanta a taɓa kwayil ɗin asali ba alhali ko mita bai ɗora ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Oga Rewaya, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka bari a kwance kwayil tukuna. Ka sa mita a kan batir mashin na kashe, mai lafiya zai ba ka wajen volt 6.3, sai ka tayar ka ɗan ja totur, ya kamata ya hau zuwa wajen 7. In bai motsa ba sai ka cire wayoyin da suka fito daga inji, a naka rawaya ce da fara da mai ruwan hoda, ka juya mita zuwa AC ka gani ko wuta na fitowa. An kawo min irin naka shago, mai shi har ya yi cinikin naɗi a wani wuri, da na gwada kwayil na ba da wuta ras, ashe rektifaya ce ta lalace, wato abin da ke juya wutar kwayil (AC) zuwa irin wadda batir ke ɗauka, tsohuwar nan mai faifai-faifai ta selenium, in ta ƙone har wani wari take yi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wajen masu kayan rediyo a Sabon Gari na sayo ƙaramar rektifaya mai ƙafa huɗu na ɗaure ta a bodi don ta riƙa shan iska, shi ke nan caji ya dawo. Kuma wallahi naɗin yanzu da wuya ya kai na kamfani, wayar da wasu ke sawa ba jan ƙarfe zalla ba ce.

Ɗan Vespa:
Ni tawa Vespa ce P150, matsalar ta ɗan bambanta amma duk gida ɗaya ne. Da sanyin safiya lafiya, da ta ɗau zafi sai ta fara tari ta mutu, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an wanke kafireto, a banza. Wani dattijon bakanike ne ya cire filawul ya nuna min wayoyin da ke bayan farantin kwayil, robarsu ta bushe tana marmashewa a hannu saboda tsufa da zafi, koriyar tana taɓa bodi. Ya sake wayoyin ya like da dalma, ya sa sabuwar kondensa, ya goge bakin kontak ya saita tazararsa milimita 0.4. Baba ya ce min kondensa in ta gaji sai ta yi zafi take nuna hali, Allah Ya saka masa da alheri.

Abban Yara, Gusau:
Oga Rewaya gaskiya ka faɗa. Amma ku ƙara da atin, wato wayar da ake haɗawa da bodi. C70 ɗina ƙona kwan fitila yake yi ba ƙaƙƙautawa, musamman na baya, ga shi na daina sa batir tunda ba ya bukatarsa wajen tashi. Ashe a irin waɗannan batir ɗin ne ke shanye rarar wuta, babu shi kuwa kana jan totur kwai zai tafi. Na sa batir, aka kankare tsatsa inda koriyar waya ke kama bodi, har yau kwan bai sake ƙonewa ba.

Na Damagaram:
Ina gaida manya. Namu BSA ne na kakanmu, shi dainamo gare shi na gaske, Lucas mai wat 60, ba kwayil da maganadisu irin na 'yan Japan ba. Ya daɗe a jingine a zaure, da muka tayar da shi ko ɗigon caji babu. Mun buɗe muka tarar kabon ya cinye ɗaya ma ya maƙale, wurin da yake gogawa a jikin ameca, wato abin da ke juyawa a cikin dainamo, ya yi baƙi ƙirin da mai. Aka wanke da fetur aka goge da samfefa mai laushi aka sa sabon kabon, duk da haka shiru, sai da wani tsoho da ya san su ya ce dainamo in ya daɗe a ajiye ɗan maganadisun da ke saura a jikinsa yakan gudu. Ya ɗauko waya daga kan batir, ɓangaren da ba a haɗa da bodi ba, ya ɗan ƙyasta a kan dainamo, wurin ɗaura waya mai alamar F, nan take allurar amita ta motsa. Ku lura da yawa daga cikin na Ingila fositif ne a bodi, in yaron shago ya juya batir yadda ya saba to an shiga wani aikin.

Oga Rewaya, Kano:
Na Damagaram Allah Ya ja kwanan tsohon nan, irinsu sun yi ƙaranci. Ɗan Vespa kai kuma duk ranar da za a sake cire maka filawul ka tsaya a kai a sa fula, wato ƙarfen da ake zaro shi da shi, kar ka yarda a buga da guduma, duka da zafi su ne ke kashe maganadisu, in ya yi rauni kuwa ko sabon kwayil ka sa wutar ba za ta cika ba. Malam Mai Benli in ka gwada ka turo mana abin da mita ta nuna, na batir da na AC duka biyun, kuma ka gwada fitila a kunne da a kashe domin farar wayar nan sai an kunna fitila take shiga aiki.