Abin da na tsinta kan foldar haɗaka a VirtualBox

Jiya da la'asar, a wani shagon gyaran kwamfuta kusa da Ƙofar Kaura a Katsina, wani ɗalibi ya kawo kukansa: ya ɗora Ubuntu (wani nau'in Linux) cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gudanar da wani tsarin kwamfuta a cikin naka, a kan Windows, amma foldar haɗaka, wadda Windows da Ubuntu za su riƙa amfani da ita tare, ta ƙi fitowa. Aka yi ta ba shi shawara, ni kuwa ina rubutawa a bayan takardar rasit.

Mai shagon ya ce ai ba Guest Additions (ƙarin manhajar VirtualBox da ake sakawa cikin Ubuntu ɗin), ba magana. Kuma kafin a saka shi sai an fara saka manhajojin da yake dogara da su, wato build-essential, dkms da linux-headers, in ba haka ba zai yi kamar ya shiga, alhali bai shiga ba. Nan ne, a ganina, mutane suka fi tuntuɓe.

Sai a zaɓi foldar a saitin Ubuntu ɗin cikin VirtualBox, a sa alamar Auto-mount don ta riƙa haɗuwa da kanta. Za ta bayyana a foldar /media ta Ubuntu da sf_ a farkon sunanta.

Ta fito, amma da ɗan kwaɗo a jikinta. Wani ya ce, "Malam, sa kanka cikin rukunin vboxsf", wato rukunin masu izinin buɗe foldar, da wannan umarni: sudo usermod -aG vboxsf $USER. Ɗalibin ya buga, shiru. Ashe sai ya fita daga asusunsa na Ubuntu ya sake shiga tukuna.