Neman Shawara Kan Fassara Kalmar "Queer"

Assalamu alaikum malamai da masana harshe. Ina fassara wani gajeren labarin Turanci da aka rubuta a Ingila wajen 1920, kuma kalma ɗaya ta tsayar da aikin mako biyu ke nan, wato "queer".

Tun ƙarni na 16 Turawa ke amfani da ita da ma'anar abu bambarakwai ko mutum mai baƙon hali, amma daga ƙarshen ƙarni na 19 ta soma zama zagi ga namiji mai neman namiji, har zuwa 1990 lokacin da ƙungiyar Queer Nation a birnin New York ta ɗauke ta a matsayin sunan da mambobinta ke kiran kansu da shi. Labarin nawa ya faɗo daidai tsakiyar sauyin ma'anar daga baƙon hali zuwa zagi, inda maƙwabta ke kiran wani tuzuru da kalmar, kuma ina ganin marubucin ya bar ma'anonin biyu a buɗe da gangan.

Idan na ce "mai baƙon hali", habaicin ya ɓace. Idan na ce "ɗan daudu", na ɗora masa siffar da labarin bai ba shi ba. Don Allah, akwai kalmar Hausa da ke ɗauke da zargi a ɓoye irin wannan?