Farautar Karibu a Alaska: Shawarwarin Waɗanda Suka Taɓa Zuwa

Wasu mafarauta sun tattauna kuɗi da shirin zuwa farautar karibu, dabba dangin barewa mai ƙaho reshe-reshe, a jihar Alaska ta Amurka. Sun haɗu a kan abu ɗaya: ƙaramin jirgin da zai sauke ka a daji, daga garin Kotzebue ko Fairbanks, shi ne yake lashe mafi yawan kuɗin. Ana kama shi tun shekara guda kafin lokacin farautar, wato Agusta zuwa Satumba.

 Ba'amurken da ba mazaunin Alaska ba yana biyan dala 160 na lasisi da 650 na alamar izini da ake maƙala wa karibun da aka harbe. Baƙo daga wata ƙasa kuwa dole ya ɗauki jagora mai rajista, nan kuma lissafi ya ninka.

Inda mafarautan suka fi daɗewa a tattaunawar shi ne batun nama, kuma na ga dalili. Doka ta hana a bar naman da ake ci ya lalace, ba a kuma kwaso ƙaho kafin nama. Ke nan kowane yanki a bayanka zai fito, kana nutsewa cikin ciyawa mai laka. Wani ya ce kada ka harbi abin da ba za ka iya ɗaukowa ba. A ware kuɗin jakunkunan nama da na jigilarsa gida.

Ranar da jirgi ya sauke ka babu farauta sai bayan ƙarfe 3 na asubar washegari. Hazo kan hana jirgi dawowa, don haka a ƙara abincin kwana uku, a kuma riƙe na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam.